Kafin a sayi man zubewar gashi

Kusan kowane shagon kayan kwalliya yana da kwalbar da aka ce tana tsayar da zubewar gashi, mata kuwa suna zuba kuɗi a kai saboda damuwar ta gaske ce. Amma zubewar gashi ba cuta ɗaya ba ce, don haka babu man da zai yi maganin kowace iri. Mai lafiya ma tana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a kullum. Mai jego kan ga gashinta yana cika mataji wata uku ko huɗu bayan haihuwa, haka wadda ta tashi daga zazzaɓi mai tsanani ko take fama da ƙarancin jini. Irin wannan yakan dawo da kansa cikin wata shida zuwa shekara idan an magance sanadin. Nan ne amsar mai cewa ƙawarta ta shafa mai kaza bayan ta haihu kuma gashin ya fito: ko ba ta shafa komai ba, zai fito.

Maganin shafawa da bincike ya fi tabbatarwa shi ne minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai aka lura masu shan ta suna yin gashi, aka mayar da ita ta shafawa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga maza a 1988, ga mata a 1991 mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, sannan kumfa mai kashi 5 ga mata a 2014. Aikinsa na zubewar gado ne, wadda tsagar tsakiyar kai take ƙara faɗi a hankali. A fatar kai ake shafa shi, ba a jikin gashi ba, kuma sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci. A makonnin farko zubewar takan ƙaru, a nan mata da yawa suke tsorata su daina. Masu sukar sa suna cewa da zarar an bari gashin zai sake tafiya. Gaskiya ne, domin ba ya sauya gadon, kamar yadda maganin hawan jini ba ya raba mutum da cutar. Ya kamata mace ta san haka kafin ta fara, ta kuma san yana iya fito da gashi a fuska, kuma ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne.

To, man kaɗanya da na kwakwa fa, da chebe na matan Chadi masu dogon gashi? Suna da amfani, sai dai a jikin sili yake: suna riƙe laima, su rage karyewa, gashi ya samu damar yin tsayi. Karyewa daban, zubewa daga tushe daban. Man rozmeri da ake yayi ya fi dogara da wani bincike na Iran a 2015, wanda aka yi a kan mutum 100, dukkansu maza.

Abin da ya fi ciwo shi ne gashin goshi da kitso mai tsauri yake ci. Wani bincike a birnin Cape Town ya sami irin wannan zubewa a kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, ta kuma fi yawa idan an yi ƙarin gashi a kan wanda aka miƙar da sinadari. Idan kitso yana sa ciwon kai ko ƙuraje a goshi, a gaya wa makitsiya ta sassauta. Tun da wuri gashin kan farfaɗo, amma in tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai tayar da shi. Wadda ta ga fatar kanta ta yi sumul tana sheƙi, ko tana zafi, ko gashi ya cire a kewaye kamar kwabo, ta nufi likitan fata kafin ta nufi shago.