Saƙo Na Shigowa, Amma Ya Ƙi Fita

Wani daren Laraba ƙanwata ta faɗo ɗakina a nan Gadau, kwamfuta a hannu, ido ya kaɗa ya yi ja. Tana ajin ƙarshe a Jami'ar Sa'adu Zungur, malaminta kuma na jiran babi na uku na bincikenta ta imel kafin gari ya waye.

"Yaya, tun magariba nake turawa ya ƙi tafiya, ga na mutane kuwa sai shigo mini suke."

Har ta sayi data sau biyu, ta yanke shawarar yin sammako zuwa Azare neman sabis mai ƙarfi. Asarar nan ce ke ci mini rai, don sau da yawa sabis ba ruwansa.

Shi imel ƙofar shigarsa daban, ta fitarsa daban. Na ce ta buɗe Gmail a burauza ta aika wa kanta layi ɗaya. Nan take ya iso. Ke nan layin gidanmu lafiya lau, ciwon na cikin manhajar imel ɗin da take amfani da ita a kwamfuta.

Muka leƙa saitin fita, wanda ake kira SMTP, sai ga lamba 25. Tsohuwar ƙofa ce, masu watsa saƙonnin banza da na damfara suka ɓata mata suna, har kamfanonin intanet da yawa suka toshe ta a layukan gida. Wanda ya saita mata tun tana aji ɗaya bai san da haka ba. Muka mayar da ita 587, muka kunna kariyar TLS. Lamba 465 ma na yi.

Da a ce shiga da fita ne suka tsaya tare, da kalmar sirri zan fara zargi: tun Mayun 2022 Google ya daina karɓar ta yau da kullum daga tsofaffin manhajoji, sai ta musamman mai haruffa 16. Agogon kwamfuta ma in kwanan wata ya karkace yana jawo haka.

Babin dai ya sake cijewa. Ashe hotunan da ta cusa sun kai shi megabait 31, Gmail kuwa 25 yake ɗauka. Ta rage girmansu, ta mayar da shi PDF, ya dawo 4. Sha ɗaya da rabi ya tafi, ta ɗauki kuɗin motar Azare ta mayar jaka.