Tafiya cikin barci: Me ke jawo ta, kuma yaushe ya kamata a ga likita?

Yaro kan tashi daga shimfiɗarsa da tsakar dare, idanunsa a buɗe, ya nufi ƙofa ko ya tsaya a tsakar gida yana lalube. Idan an kira sunansa ba ya amsawa, ko kuma ya amsa da maganar da ba ta da kan gado. Da gari ya waye aka tambaye shi, sai ya ce bai san an yi ba.

A gidaje da dama, abin da akan fara zargi shi ne shafar aljanu ko sammu. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin wannan lalura, kuma sun sanya ta cikin jerin matsalolin barci. A bayaninsu, mai tafiya cikin barci mutum ne da wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa ya farka, alhali sauran na ci gaba da barci mai nauyi.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Barci hawa-hawa ne. A kowane dare ƙwaƙwalwa na zagaya matakansa sau huɗu zuwa shida, kowane zagaye kimanin minti 90: daga gyangyaɗi zuwa barci mai nauyi, sannan zuwa matakin da aka fi yin mafarki. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, shi ya sa tafiyar ta fi aukuwa cikin sa'o'i biyu zuwa uku na farko bayan kwanciya.

Idan wani abu ya fizgo mutum daga wannan mataki, kamar ƙara ko cikar mafitsara, farkawar kan tsaya a rabi. A shekarar 2000 likita Claudio Bassetti da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar The Lancet hoton ƙwaƙwalwar wani matashi da suka ɗauka yana cikin wannan hali. Hoton ya nuna sassan da ke da alaƙa da motsi suna aiki, yayin da sassan gaba masu kula da tunani da yanke shawara ke kwance. Wannan ne ya sa mutum zai iya buɗe ƙofa ko sa tufafi, amma ba ya iya auna haɗarin da ke gabansa.

Abin ya yi kama da magagin barci da kowa ya sani, sai dai ya fi shi zurfi. Ya kuma bambanta da dannau, inda hankali ke farkawa jiki ya kasa motsi. Galibi yakan wuce cikin 'yan mintuna.

Wa ta fi kamawa?

Wani nazari da Helen Stallman da Mark Kohler suka wallafa a 2016, wanda ya tattara bincike 51 kan mutum sama da 100,000, ya gano cewa kimanin kashi 7 cikin 100 na mutane sun taɓa tafiya cikin barci a rayuwarsu. A cikin shekara guda, kashi 5 cikin 100 na yara ne suka yi, manya kuwa kashi 1.5.

Yara sun fi yi ne saboda barcinsu mai nauyi ya fi na manya yawa da zurfi. Mafi yawansu kan daina da kansu idan sun kai shekarun balaga.

Gado na da tasiri sosai. Wani bincike da aka yi a lardin Kebek na ƙasar Kanada kan yara 1,940, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kashi 22.5 cikin 100 na yaran da iyayensu ba su taɓa yi ba sun yi tafiya cikin barci. Adadin ya kai kashi 47.4 idan ɗaya daga cikin iyaye ya taɓa yi, ya kuma haura kashi 61 idan uwa da uba duka sun yi.

Abubuwan da ke tayar da ita

Ga wanda ke da wannan gado, ƙarancin barci ne kan gaba, domin jikin da ya sha rashin barci kan rama da barci mai nauyin gaske. Sai zazzaɓi, musamman ga yara, da damuwa, da kwana a baƙon wuri, da shan barasa. Ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda minshari mai ƙarfi ke nunawa, ita ma takan riƙa katse barci har ta jawo tafiyar.

Akwai kuma magunguna. A watan Afrilun 2019 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta wajabta sanya gargaɗi mafi tsanani a kan magungunan barci uku, zolpidem da eszopiclone da zaleplon, bayan ta samu rahoton mutum 66 da suka aikata abubuwa masu haɗari cikin barci, 20 daga cikinsu suka rasa rai.

Inda haɗarin yake

Tafiyar ita kanta ba ta lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba alamar taɓin hankali ba ce. Abin tsoron shi ne rauni: faɗowa daga bene ko gadon sama a makarantar kwana, afkawa rijiyar da ba a rufe ba, taka garwashi, ko fita titi cikin duhu.

Cutar da wasu ba kasafai take faruwa ba, amma ta taɓa kaiwa gaban kotu. A 1987 wani ɗan Kanada mai suna Kenneth Parks ya tuƙa mota sama da kilomita 20 zuwa gidan surukansa da dare, ya kashe surukarsa, ya raunata mijinta, sannan ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Kotu ta sallame shi bisa shaidar likitoci cewa barci yake yi, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 1992.

Abin da iyali za su yi

Idan aka ga mutum cikin wannan hali, a kama hannunsa a hankali a mayar da shi shimfiɗa, ba tare da tsawa ko jijjiga ba. Tashinsa ba ya kisa kamar yadda wasu ke zato, sai dai yana iya firgita ya kai duka cikin ruɗewa. Duka ko gori da safe ba su da amfani, tun da bai san ya yi ba.

Kafin kwanciya a kulle ƙofar gida a ɗauke makulli, a rufe rijiya, a kashe wuta, a kawar da wuƙaƙe da magunguna. Yaron ya kwanta da wuri, a lokaci guda kullum, bayan ya yi fitsari, kuma a ƙasa ko a gado mara tsawo. Idan yana makarantar kwana, a sanar da masu kula da ɗakin kwanansu.

Idan yana tashi a kusan lokaci ɗaya kowane dare, likitoci kan ba da shawarar a riƙa tashinsa a hankali minti 15 zuwa 30 kafin lokacin, na tsawon 'yan makonni.

Yaushe za a je asibiti?

A ga likita idan tafiyar na yawan maimaituwa, ko ta jawo rauni, ko tana tare da minshari da yawan barcin rana. Haka nan idan akwai sandarewa, jijjiga ko cizon harshe, domin wani nau'in farfaɗiya da dare yake tashi.

Babban mutum da abin ya fara masa da girma yana buƙatar bincike na musamman, a duba magungunan da yake sha da numfashinsa. Dattijon da ke naushi da shuri da asuba yana bin mafarkinsa kuwa, wata matsala ce daban wadda kan iya zama alamar farko ta cutar makyarkyata ta Parkinson. Zai taimaka wa likita idan iyali suka rubuta lokacin da abin ke faruwa da tsawonsa, ko suka ɗauki bidiyonsa da waya.