LEWARDAN: BIRNIN MADARA A ƘASAR HOLAN

Kusan kowane mai shayi a tasha yana da gwangwanin madarar Peak a kan teburinsa. Amma ba kowa ya san asalinta ba. Wannan madara ta fara shigowa Nijeriya a shekarar 1954, daga ƙasar Holan da ke nahiyar Turai. Manoman shanu ne suka haɗa kai suka kafa kamfanin da ya fara yin ta. Cibiyarsu wani tsohon birni ne da ake rubuta sunansa Leeuwarden, ana kuma faɗinsa kamar Lewardan. Shi ne babban birnin lardin Firislan, a arewacin ƙasar.

CIKIN BIRNI

Daga Amsterdam, babban birnin Holan, tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ƙasa. Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne ruwa. An haƙa manyan hanyoyin ruwa sun kewaye tsohon gari, wasu kuma sun ratsa ta cikinsa. Ƙananan jirage suna bi ta ciki, mutane suna haye gadoji a kan keke. Gidajen na jan bulo ne, dogaye, a manne da juna.

Ƙauyuka uku ne suka haɗe a shekarar 1435 suka zama birni ɗaya. Arzikinsa tun da can daga shanu yake. A tsakiyar kasuwa akwai wani ginin awo wanda ya haura shekara 400. A nan ake ɗora man shanu da cuku a sikeli kafin a sayar, don kada a cuci mai saye ko mai sayarwa. An daina awon, amma ginin yana nan.

Akwai kuma mutum-mutumin wata saniya da aka yi da tagulla a 1954. Mutanen gari suna kiranta Us Mem. A harshensu ma'anarsa ita ce "Uwarmu", domin nononta ne ya rayar da lardin.

HASUMIYAR DA TA KARKACE

Ginin da ya fi suna a birnin shi ne hasumiyar Oldehove. An fara gina ta a 1529 domin ta zama hasumiyar coci. Ana cikin aiki sai ta fara nutsewa ta gefe guda. Magina suka yi ƙoƙarin miƙe ta daga sama, abin ya faskara. Bayan 'yan shekaru aka haƙura aka bar ta. Tsawonta mita 39 ne, kuma har yau a karkace take.

Me ya jawo haka? Ƙasar wurin laka ce mai laushi, ba ta ɗaukar nauyi. Wanda ya hau saman hasumiyar zai ga dalili da idonsa. Ko'ina shimfiɗe yake kamar tabarma, babu dutse babu tudu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da teku. Wato da za a bar ruwa ya yi yadda ya so, da wurare da yawa sun zama tafki.

YADDA SUKA YI DA RUWA

Mutanen farko da suka zauna a wannan fadama, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, tudu suka riƙa tarawa da hannu. Suna haɗa laka da kashin shanu, su gina gida a sama. Idan teku ya cika ya malalo, sai mutane da dabbobi su tsira a kan tudun. Wanda ya fi tsawo a cikinsu yana ƙauyen Hegebeintum, arewa da birnin. Ya kusa mita 9, kuma baƙi suna zuwa kallonsa.

Tudu yana ceton gida, amma ba ya ceton gona. Saboda haka wajen shekara 1,000 da suka wuce suka fara yin jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa mai tare ruwan teku. Jinga ba aikin mutum ɗaya ba ce. Idan wani ya yi sakaci da tasa, ruwa zai ɓalle ta nan ya cinye gonar kowa. Sai aka raba wa kowane manomi yankin da zai kula da shi, aka naɗa masu dubawa.

Daga nan hukumomin ruwa suka samo asali. Har yanzu suna aiki. Jama'a ne ke zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma gidaje da manoma suna biyan harajin ruwa.

Bayan an tare teku, saura ruwan sama da ke kwanciya a gona. Da can injin iska mai fukafukai ne ke kwashe shi. Daga baya aka kawo manyan famfuna. A kusa da garin Lemmer, kudu da birnin, akwai tashar famfo mai aiki da tururi da aka buɗe a 1920. Tana iya kwashe lita miliyan 4 a minti ɗaya, wato duro 20,000. Har gobe idan ruwa ya yi yawa ana kunna ta.

KARKARA DA SHANUNTA

Da an fita daga birni sai filayen ciyawa kore shar. Ba a cika ganin shinge ba. Ƙananan lambatu ne ke raba gona da gona, su ne kuma ke hana shanu ƙetarewa. Shanun masu roɗi-roɗin baƙi da fari ne, kuma sunan lardin ya bi su duniya. Saniya ɗaya tana iya ba da lita 25 ko fiye a rana.

Ba a yawon kiwo da su. Da rani mai ɗumi suna ci a fili kusa da gida. Manomi yana yankan ciyawa sau da yawa ya adana. Idan sanyi ya shigo sai a mai da su rumfa, a riƙa ba su abin da aka tara. Motar tanki tana zagayawa gona-gona tana ɗaukar nono zuwa masana'anta. Manoman da ke cikin ƙungiyar su ne masu kamfanin, don haka riba tana komawa gare su.

SAURAN AIKI

Fama da ruwa bai ƙare ba. A wasu sassan lardin ƙasar ruɓaɓɓen ciyayi ce. Idan aka tsane mata ruwa sai ta bushe ta lotsa, kusan santimita ɗaya a shekara a wasu wurare. Ga shi kuma teku yana ƙara cika saboda ɗumamar duniya. Hukuma tana so a bar ruwa ya ɗan ɗago a lambatu don ƙasa ta daina lotsawa. Manoma da yawa suna cewa idan gona ta jiƙe, tarakta ba za ta shiga ba, ciyawa kuma za ta ragu. Ana ta zama ana tattaunawa a kan wanda zai ɗauki asarar.

Duk da wannan saɓani, babu mai cewa a bar jinga ta lalace. Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninsu sun yi gayya sun tare teku, jikoki suna biyan haraji suna gyara. A kan wannan ƙasa da aka ƙwato daga ruwa shanun Firislan suke kiwo.