Wa Ke da Laifi Idan Motoci Sun Yi Karo?

Duk wanda ya saba bin hanyar Gashuwa zuwa Nguru, ya zarce Machina, ya san yadda ake yanke hukuncin hatsari a bakin titi. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, kafin 'yan sanda su iso an gama shari'a. Hukuncin kuwa kusan kullum ɗaya ne: babba ke da laifi. In tirela ce da ƙaramar mota, tirela ce. In mota ce da babur, mai mota ne. In babur ne da mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa ne. In kuma motocin girmansu ɗaya, sai a dubi wanda ya fi kama da mai hali, ko wanda baƙo ne a garin. Tausayi ne ya haifi wannan al'ada, tunda ƙarami shi ya fi jin jiki. Sai dai dokar ƙasa ba haka ta ce ba, shari'ar Musulunci ma ba haka ta ce ba. Dukansu biyu abin da suke tambaya shi ne: wa ya bar abin da ya wajaba a kansa, kuma shin barin nan nasa ne ya jawo karon?

Rabin tambayar na biyu shi mutane suka fi mantawa. A ce direba ba shi da lasisi, ya faka motarsa can ƙasa da kwalta yana shan shayi, wani ya kauce hanya ya daki motar. Rashin lasisi laifi ne mai hukuncinsa daban, amma ba shi ya jawo hatsarin ba. Wanda ya kauce hanya shi zai biya gyara.

Ƙa'idojin da ake aunawa da su

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Daga nan mafi yawan hukuncin taho-mu-gama yake fitowa: wanda aka samu a hannun wani shi zai yi bayanin abin da ya kai shi. Hanyoyin wannan yanki duk falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa kwalta ɗaya suke rabawa, saboda haka mai son shan gaban wata mota aron hannun wani yake yi. Idan ya fita a kwana, ko a kan gada, ko a inda ba ya hangen gaba, nauyin yana wuyansa, ko da wanda ke tahowa yana gudu.

Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. A manyan hanyoyi irin waɗannan, ƙananan motoci da motocin haya 80 aka ba su, tirela da tanka kuwa 50. Gudun 100 da direbobi ke ɗauka haƙƙinsu ne, na tagwayen hanyoyi ne, kuma na motar gida kaɗai. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ke nan kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki ya riga ya ci tazara mai yawa. In an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu.

Wanda ya daki wani ta baya, a ƙa'ida shi ake fara tuhuma, don wajibinsa ne ya bar tazarar da zai iya tsayawa. Amma wannan zato ne da hujja ke iya rushewa. In na gaba baya yake yi, ko ya faɗo hanya daga tasha ba sigina, ko fitilun birkinsa matattu ne cikin dare, magana ta canja. Mai fitowa daga ƙaramar hanya shi ke jiran mai babbar hanya. A shataletale, wanda ke ciki shi ke da hanya.

Yashi, hazo da dabbobi

Machina tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, a yankin da hamada ke matsowa. Hanyar Nguru zuwa Machina da gwamnatin Yobe ta shimfiɗa wa kwalta zamanin Gwamna Ibrahim Gaidam ta sauƙaƙa tafiya ƙwarai, ta kuma ba direbobi damar gudun da rairayi ba ya bari a da. Iska kan kwaso yashi ta zuba a kan kwalta, hunturu ya zo da hazo, damina kuma ruwan fadamun Haɗeja da Nguru ya ci gefen hanya ya bar ramuka. Ga raƙuma da jakuna da garken shanu ranar kasuwa, ga amalanken shanu da ke tafe da magariba ba ko ƙyallin fitila. Babura ma, da aka hana hawa a jihar kusan shekara goma saboda rikicin Boko Haram, sun dawo wannan shiyya a 2022.

Direba kan ce hazo ne, ko rami ya kauce wa, ko yashi ya ƙwace masa sitiyari. A ganina waɗannan uzurori sun fi zama hujja a kansa. Hazo ba ya faɗowa ba zato. Wanda ya fito Nguru da asuba a watan Janairu ya san da shi. Abin da aka sani za a tarar, wajibi ne a rage gudu dominsa. Haka batun fashewar taya. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma wanda ya ɗaura tsohuwar tayar gwanjo ya yi mata lodin buhuna har saman mota ba zai ce abin ya zo masa ba shiri ba. Uzurin da ke karɓuwa shi ne abin da mai hankali ba zai iya hange ko kauce masa ba.

Babbar motar da ta lalace a kan kwalta ita ce ta fi rikitarwa. Yaron mota ya karyo reshe biyu ya ajiye dab da ita, dare ya yi, wata mota ta shige ƙarƙashinta. Doka alamar gargaɗi mai ƙyalli ta ce a ajiye, a nesa da motar, ganye kuwa ba ya haske. A nan sau da yawa laifin na mutum biyu ne, wanda ya toshe hanya da wanda ya yi gudun da hasken fitilarsa bai kai ba. Kotu tana da ikon raba laifi kashi-kashi, ta rage wa mai ƙara abin da zai karɓa gwargwadon nasa sakacin.

Abin da titi ke faɗa

Bakin mutum yana canjawa, musamman in ɗan garinsu ne a ciki. Alamun kan kwalta ba su san kowa ba. Sawun birki yana nuna inda direba ya farga, da kuma hannun da yake. Inda ƙarfe ya karci kwalta, da inda gilashi da mai da busasshen laka suka zube, su ke nuna wurin haɗuwa, don inda motoci suka ƙare ba lallai nan suka haɗu ba. Wajen da kowace mota ta lotsa yana nuna ta ina aka shigo ta. Sababbin motoci masu birkin ABS ba su cika barin baƙin sawu ba, don haka rashin sawu ba ya nufin ba a taka birki ba.

Matsalar ita ce waɗannan shaidu ba su daɗewa. Iskar yankin da ƙafafun 'yan kallo kan shafe su cikin ɗan lokaci. Ceton rai ne farko, wannan babu jayayya: a kira lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a kai masu rauni asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Bayan haka, kafin a ture motoci, wani ya ɗauki hotuna da waya: daga nesa yadda gefen kwalta biyu za su fito, sannan daga kusa, har da lambobin motoci.

Hukumomi kuwa kowa da aikinsa. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra (FRSC), wadda aka kafa a 1988, su ke ceto da buɗe hanya da rubuta rahoton hatsari. Sashen 'yan sanda mai kula da motoci shi ke auna wuri, ya zana taswira, ya ɗauki jawabi. Jami'in duba lafiyar motoci (VIO) ya duba birki da taya da sitiyari, ya faɗi ko lalacewar kafin karon ce ko bayansa. Taswirar nan akan nemi direbobi su sa mata hannu, kuma kuskure ne babba mutum ya sa hannu a kan zanen da bai duba ba. Duk da haka, babu ɗayansu da ke da kalmar ƙarshe. Alƙali ne ke yanke laifi. A hanyar tarayya, irin ta Nguru zuwa Gashuwa, wanda ya kashe rai da tuƙin ganganci yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 7.

Ƙaddara da lamuni

Da zarar an yi rashi sai ka ji ana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma da wannan kalma ake kwantar da zuciyar mai makoki. Amma malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukar ƙaddara ta kankare lamuni ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Barno da ƙasar Hausa, ta ɗora wa mahayi da mai jan dabba da mai korarta alhakin abin da ta tattake. Malikawa sun tattauna har batun mahaya dawaki biyu da suka yi karo suka mutu, suka ce dangin kowanne su biya cikakkiyar diyyar ɗayan. Imamu Shafi'i ya ce rabi, don kowannensu yana da hannu a mutuwar kansa. A watan Yuni na 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta ɗora hatsarin mota a kan wannan tushe: bin dokokin hanya wajibi ne, direba yana lamunin ɓarnar da ya yi sai in abin ya fi ƙarfinsa ko laifin na wani ne, kuma in mutum biyu suka yi tarayya kowa ya ɗauki rabonsa. Ta kuma ɗora wa mai dabba alhaki in ya yi sakaci da tsaronta.

Kisan kuskure diyyarsa raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinari. Iyalan mamaci suna da ikon yafewa, kuma a wannan yanki sukan yafe. Kaffarar azumin wata biyu a jere dai tana nan kan wanda ya yi kisan, yafiyar dangi ba ta sauke ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin bincike: ta yaya mutum zai san azumi ya hau kansa in ba a tantance mai laifi ba?

Inshora da sulhu

Doka ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Da yawa takardar kawai suke saye don shingen bincike, wasu ma jabu ce ba su sani ba. Kamfani kuma ba ya biya sai da shaida, kuma ba ya son direba ya amsa laifi a bakin titi kafin ya sanar da shi. Mai motar haya ma ya sani, ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki tana iya hawa kansa.

Galibin ƙananan hatsari ba sa zuwa kotu. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, ko mai unguwa, ko hakimi, su ke zaunar da mutane, a kira bakanike ya ƙiyasta gyara. Wannan hanya ta fi sauri da arha, kuma tana barin zumunci. Aibinta guda: sau da yawa ana fara ta daga "ku yi haƙuri, a raba biyu" tun ba a tambayi wa ya shiga hannun wa ba, sai marar laifi ya biya rabin gangancin wani, mai gangancin kuma ya koma hanya gobe bai koyi kome ba. Kira ga masu sulhu shi ne su fara duba hotuna, su ji shaidu, su faɗa wa mai laifi laifinsa a gaban jama'a, sannan su roƙi wanda aka cuta ya sassauta. Abin da aka amince a kai kuma a rubuta shi, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.