Yadda Ake Ɗaura Ƙaramar Kyamara a Jikin Babur

Ana jan hankalin malaman gona da jami'an ƙananan hukumomi masu ɗaukar bidiyon hanyoyin karkara da ƙaramar kyamara irin ta GoPro, da su lura da inda suke ɗaura ta. Ɗauri a kan babur, kusa da madubi, ya fi sauƙi, amma girgizar inji da gargadar hanya kan ɓata hoton. Gara a ɗaura ta a ƙirji, domin jikin mahayi yana shanye girgizar.

Kada a kuskura a huda hular kwano, domin huji yana rage ƙarfinta ranar haɗari. Idan mannawa za a yi, a goge ƙura sosai, sannan a jira awa 24 gam ya kama. A kunna kyamarar kafin a tashi, ba a bisa hanya ba.