Borin Jini Mai Kisa: Ba Rigakafi Ne Babban Mai Laifi Ba

Tun da aka fara yi wa 'yan mata rigakafin sankarar bakin mahaifa a Najeriya cikin Oktoban 2023, jita-jita ba ta kwanta ba. Da zarar yarinya ta yi ƙuraje ko ta yanke jiki ta faɗi, sai a ce ga shi nan, dama an faɗa. Alhali borin jini mai tsanani bayan rigakafi bai fi sau ɗaya ko biyu ba a cikin allurai miliyan guda.

Masu jawo shi na yau da kullum suna cikin gida: gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, harbin ƙudan zuma da rina, sai magunguna irin su penisilin da asfirin. Cikin mintuna kaɗan leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya sarƙe.

Wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka gano sirrin a 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin jikinsu ya saba. Makonni bayan haka suka ƙara wa wani kare mai suna Neptune ɗan mitsitsin dafin, sai ya mutu cikin ƙasa da sa'a guda. Karon farko jiki ya shaida abin, karo na biyu ya far masa har ya illata kansa. Wannan bincike ya ba Richet kyautar Nobel a 1913.

Don haka maganar mai kemis cewa "ai an taɓa yi maka ba abin da ya faru" ba hujja ba ce.

Wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu a 2016 bayan ta ci burodi mai riɗi wanda ba a rubuta a jikin ledarsa ba. Iyayenta suka dage har aka fara aiki da dokar bayyana sinadaran abinci a 2021. A nan kuwa yajin tsire cike yake da ƙuli-ƙuli, ba mai faɗa.

Manja da Piriton ba sa buɗe maƙogwaron da ya toshe. Allurar adirenalin a cinya ce ke yi, nan take. Ya kamata ma'aikatun lafiya su hana duk wanda ba shi da ita a kusa ɗaga sirinji, iyaye kuma su riƙa tambaya kafin a tsira wa yaro allura.