*KAFIN KA ƊAURE JAKAR TAFIYA JAPAN: MAGANI, GUZURI, ABINCI DA SALLAH*



'Yan uwa, yau maganarmu ta tafiya ce. Japan ƙasa ce mai nisa, amma ba baƙuwa ba ce a wajenmu mutanen ƙasar Haɗeja. Riɗin da ake nomawa a Jigawa, wani kasonsa can yake ƙarewa, don Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya. Ƙungiyar Sasakawa da manomanmu suka sani ita ma asalinta daga can ne. To yanzu ga 'ya'yanmu ana kiransu karatu, ga ma'aikatan gona ana tura su kwas, ga 'yan kasuwa masu son zuwa su gani da idonsu. In kai ne mai tafiyar, ko ɗanka, ko ƙaninka, ka karanta wannan a nutse kafin a zuge jaka.

*Da farko, maganar biza*

A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD a birnin Yokohama, labari ya bazu cewa Japan ta ware wa 'yan Najeriya garin Kisarazu tare da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu wannan bizar, kuma a watan Satumba hukumar JICA ta janye shirin gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ya zo maka yana cewa kawo kuɗi a sa sunanka a jerin masu tafiya Kisarazu, ka riƙe kuɗinka. Kada ka sayar da gona ko sa a kan wannan. Ka nemi bayanin biza daga ofishin jakadancin Japan da ke Abuja.

*Guzurin da zai iya jefa ka a matsala*

Al'adarmu ce, matafiyi ba ya fita sai an haɗa masa kilishi da dambun nama. To Malam, wannan karon a bar su a gida. Japan ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da nama daga ƙasashe irin namu, ko busasshe ne, ko an rufe shi a leda da inji. Suna da karnuka a filin jirgi masu shinshina kaya. Hukuncin wanda ya shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar yen miliyan 3. Ɗanyen goro, ɗanyen barkono, 'ya'yan itace da iri su ma suna ƙarƙashin dokar binciken tsirrai, yawancinsu ba sa wucewa sai da takardar shaida daga ƙasar da aka ɗauko su. Duk abin da ka yi shakka a kansa, ka nuna wa jami'i da kanka kafin shi ya gano.

Kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne. Abin da aka samu a jakarka, kai za a tambaya.

*Magungunanka*

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Maganin da likita ya rubuta maka, kamar na hawan jini ko na ciwon suga, an yarda ka shiga da na wata 1. Wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, na wata 2. In za ka wuce haka, sai ka nemi wata takardar izini da suke kira Yunyu Kakunin-sho tun kana gida. Magungunan da ke da kodin, da wasu na mura masu sinadarin pseudoephedrine, dokarsu ta fi tsanani, wasu sai da izini na musamman, wasu kuma an hana su. Ka kai wa likita ko mai kemis duk abin da kake sha ya duba maka abin da ke ciki.

Ka bar kowane magani a cikin kwalinsa na asali, ka riƙe takardar likita da Turanci, ka sa su a jakar hannu. Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda babu suna babu rubutu, gaskiya shawararmu ita ce a bar shi. Kai ka san sassaƙe ne, amma jami'in kwastan gari kawai yake gani, kuma ba ku jin yaren juna.

Tsakaninmu da su awa 8 ne. In azahar ta gabato a Kafin Hausa da ƙarfe 12 na rana, a Tokyo ƙarfe 8 na dare ne. Mai allurar insulin ko mai shan magani a ƙayyadadden lokaci ya zauna da likitansa a tsara masa yadda zai sauya lokacin, kada ya yi da ka.

*Zazzaɓin da za ka iya tafiya da shi*

Mu da muke zaune a bakin fadama mun saba da sauro, musamman daga damina zuwa kaka. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana iya kwanciya a jini mako ɗaya zuwa makonni kafin ta bayyana. Ma'ana kana iya barin gida lafiya lau, zazzaɓi ya kama ka a can. Japan ba ta da wannan cuta a cikin ƙasa, don haka likitan ƙaramin asibiti zai iya ɗauka mura ce. Ka yi gwaji kafin ka tashi. In zazzaɓi ya zo maka a can, ka faɗa wa likita ƙarara cewa daga Najeriya ka zo, a gwada maka maleriya a ranar. Jinkirin kwana biyu a wannan ciwo ba wasa ba ne.

Lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119 ce, ta 'yan sanda 110. Kuɗin asibiti yana da tsada ga baƙo, don haka ka tabbatar kana da tsarin biyan kuɗin magani na matafiya, ko ka tambayi waɗanda suka gayyace ka me suka tanada.

*Cikin jirgi da yanayin gari*

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan, sai an ya da zango a wurare irin su Addis Ababa, Doha ko Istanbul. Zama mai tsawo yana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ka riƙa tashi kana takawa, kana motsa ƙafa, kana shan ruwa. In ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yi maka wuya, asibiti nan take.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyinsu ya wuce hunturunmu nesa ba kusa ba, arewacin ƙasar har ƙanƙara ke rufe shi. Mai sikila da mai asma su yi shiri sosai. Yuli da Agusta kuma zafi ne mai gumi, a yawaita ruwa. Ruwan famfonsu ana sha.

*Abinci: ka kula da buta*

Ga abin dariya amma mai amfani. A yarensu, buta na nufin alade. Don haka kada ka shiga shago kana neman buta don alwala. In ka ji butaniku, naman alade ne. Tonkatsu soyayyen naman alade ne, tonkotsu kuma romon ƙashinsa ne, wanda ake zuba wa taliyarsu ramen a wurare da yawa, ko da ba ka ga nama a kwanon ba. Akwai kuma sake da mirin, dukkansu giyar shinkafa ce, kuma suna yawan sa su a miya da gashi. Alawa da kayan zaƙi na iya ƙunsar gelatin na alade.

Abin da zai fisshe ka: farar shinkafa, kifin da aka gasa da gishiri kawai, dafaffen ƙwai, 'ya'yan itace. Kifi da sauran abincin teku halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, amma suna cin wani ɗanye, cikin da bai saba ba ya bi a hankali. A manyan birane akwai gidajen abinci da shagunan nama na halal, yawanci kusa da masallatai.

*Sallah da tsarki*

A gida gabas muke kallo. A Tokyo alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa, don haka ka duba da manhajar waya. Akwai masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a shekarar 2000, da masallacin Kobe da aka buɗe a 1935. Manyan filayen jirginsu irin su Narita, Haneda da Kansai suna da ɗakin sallah. A watan Yuni rana na fitowa a Tokyo kafin ƙarfe 4 da rabi na safe, to ka ga asuba sai da ƙararrawa. Kana hanya za ka yi ƙasaru, amma in ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari, sai ka cika sallarka.

Yawancin banɗakunansu suna da maɓallin da ke fesa ruwa, tsarki ba zai ba ka wahala ba. In ka yi alwala a wurin wanke hannu, ka goge ruwan da ya zuba, suna da tsananin kula da tsabta. Wuraren wankan ruwan zafi da suke kira onsen kuwa, tsirara ake shiga a cikin jama'a. In an gayyace ka, ka nemi ɗakin wanka na kai kaɗai ko ka ba da uzuri cikin ladabi.

A cire takalmi a ƙofar gida kamar yadda muke yi. Ba a ɗaga murya ko amsa waya a jirgin ƙasa. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci kyautar kuɗi. Kwandon shara yana da wuyar samu a titi, ka riƙe leda a jaka.

Maigida, in ɗanka ne zai tafi, ku zauna tare ku zazzage jakar a kan tabarma, ku duba kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi masa addu'ar tafiya.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. A tura wa wanda ke shirin tafiya.

Wassalamu alaikum.